JAN FENTI A BANGON BABA — Shafi na 14

Masu ƙorafin shafin baya ya yi gajarta, na ji ku, yau na ɗan saki hannu. Wanda kuma yanzu ya shigo mana, ga inda muke.

Murjanatu Sha'aban injiniya ce, 'yar Daura. Ita aka damƙa wa kula da aikin faɗaɗa titi da gina babbar magudanar ruwa da za ta ratsa Layin Majema, unguwar da aka haife ta. Aikin na haɗin gwiwa ne. Jiha da ƙananan hukumomin yankin da wani bankin raya ƙasa suka sa hannu a yarjejeniya cewa za a yi shi kashi-kashi: a fara da cikin gari, sannan a fita hanyar Zango da Baure. Sharaɗin da ya fi tsauri shi ne, in aka karkatar da layin aiki don son rai, za a ɗauke kashin farko daga Daura a kai shi gaba.

Masu awo sun zo sun shafa jan fenti a duk bangon da aikin zai ci. Har da zauren mahaifinta.

*

Tun daga bakin layi Murjanatu ta san akwai magana.

Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma mutane sun yi cirko-cirko a ƙofar gidansu. Masu kai yara makaranta sun tsaya da baburansu. Mai koko ta bar bokitinta ta matso. Tana fitowa daga mota surutun ya ɗauke.

Ta yi sallama. Aka amsa ciki-ciki.

Sai da ta kutsa tsakiyarsu ta gani.

Bangon zauren Baba fari tas. An shafe shi da farar ƙasa, har yanzu da ɗan danshi. Jan fentin da masu awo suka zana, babu shi babu alamarsa.

Ta juya a hankali ta dubi ɗaya gefen hanya.

Ga shi can, ja wur, a bangon Iya Nana, tsohuwar maƙwabciyarsu da mijinta ya rasu ya bar mata ɗan ƙaramin gida. In aikin ya bi ta nan, ba katanga kawai zai ci ba, har ɗakin kwananta zai tafi.

"Injiniya, barka da asuba," in ji Hafizu mai shagon caji, wayarsa a ɗage yana ɗaukar bidiyo. "Ashe shi ma fenti ya san gidan manya. Mun kwanta yana nan, mun tashi ya tsallaka titi."

Wasu suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wani magidanci daga baya ya ce, "Mu da aka ce mu matsar da katangunmu, ko bulo ɗaya ba zan taɓa ba sai an yi mana bayani."

"Za a yi muku," ta ce.  "Ku ɗan ba ni lokaci."

Ta shige zauren. Ƙamshin jemammiyar fata ya tare ta kamar kullum. Ga takalman da Baba ya yanka jiya jere a kan buzu, ga basilla, ga wuƙarsa mai ƙotar ƙaho. A nan Alhaji Sha'aban baduku ya yi rayuwarsa, a nan mahaifinsa ya yi tasa.

Yayanta Abbas yana tsakar gida a kan benci, da kofin koko a hannu, yana shirin tafiya kasuwar hatsi.

"Yaya."

"Na'am, injiniyar gidanmu. Kin karya kuwa?"

"Ka fita waje yau?"

"Na fita masallaci, na dawo."

"Ka ga bangon?"

Ya ajiye kofin a ƙasa. "Na gani."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

"Me kike so in ce?"

"Ina so ka ce mini me ya sa."

Ya ɗago ya dube ta sosai. "Murja, ni kike zargi?"

"Wa zan zarga? Wa ya je ofishin ɗan kwangila makon jiya ya ce a duba tsufan Baba a karkata layi? Ka ɗauka ba za a gaya mini ba?"

 Abbas ya shafi gemunsa.

"Na je," ya ce. "Ban musa ba. Na roƙe su, suka ce ba huruminsu ba ne, na taho. Amma ban taɓa bangon nan ba."

"Yaya, don Allah."

"Na ce miki ban taɓa ba."

"Ka san abin da wannan farar ƙasar za ta jawo? Mutanen Baure da Zango haƙuri suka yi aka fara da mu. Amfanin gonarsu a hanya yake lalacewa duk kaka. Yau in suka ga bidiyon da Hafizu ke ɗauka, cewa za su yi 'yar gida ta kare gidan ubanta ta tura wa gwauruwa. Kuma wa zai ga laifinsu? Za a ɗauke aikin. Damina ta zo ta same mu yadda ta bar mu."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Bara da aka yi ambaliya, da hannunka ka ɗauko 'ya'yan maƙwabcinmu Malam Abdulbaƙi a kafaɗa, ruwa har ƙirjinka. Ka manta?"

"Ban manta ba." Ya miƙe tsaye. "Amma ke taswira kika sani, ni Baba na sani. Ke kina zuwa ki gaishe shi ki tafi. Ni nake ganin kwanonsa yana dawowa da tuwo. Tun ranar da aka shafa fentin nan, sai ya ajiye aiki ya zuba wa bango ido har a kira salla. A zauren nan aka raɗa mana suna. A nan aka ajiye makarar Inna. Ki ce diyya? Wace diyya ce za ta gina masa wannan?"

Maganar ta soke ta. Ta kawar da kai.

"Kana ganin ni ba ya mini ciwo? Ni na sa hannu a kan layin, Yaya. Na auna ta gabas, na auna ta yamma, na nemi duk hanyar da ruwa zai bi ya bar zauren nan. Babu. Nan ne gangare. In an kauce, ruwan gidajen mutane zai koma."

"To ni dai na gaya miki gaskiyata."

"In 'yan kwamitin aikin suka tambaye ni, me zan ce musu?"

"Ki ce musu abin da kika gani da idonki. In ba ki gani ba, kada ki rantse."

Gyaran murya suka ji daga ƙofar ɗaki.

Alhaji Sha'aban ne tsaye, ya dafa bango da hannu ɗaya, carbi a ɗayan. Ba su san tun yaushe yake nan ba.

"Muryoyinku har bakin titi," ya ce.

Duk suka durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Abbas, jawo mini kujera. Ke kuma zauna, tsayuwar ta isa."

Ya zauna a hankali, ya gyara bakin rigarsa. Ya daɗe yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Murja, a wurin aikinku, an taɓa ba ki labarin yadda aka yi mutanen Baure da Zango suka yarda a fara da cikin gari?"

Ta ɗan yi mamakin tambayar. "An ba ni, Baba. Lokacin ina aikin gada a kudancin jiha, ba a kawo ni nan ba tukuna. An ce taron ya kusa watsewa. Sai wani dattijo ya tashi ya yi magana, aka daidaita."

"Wane dattijo?"

"Ba su faɗi sunansa ba. Sakataren kwamiti ya ce shi ya roƙi a sakaya."

"To."

Ya ja carbi guda biyu, ya tsaya.

"An gayyaci dattawan unguwanni, mai unguwa ya ce in raka shi. Muna zaune, wani manomi daga Baure ya tashi. Ya ce su ba gaba suke da mutanen birni ba, amma sun san halinmu. Ya ce ɗan birni zai yarda ruwa ya ci ɗakinsa, amma ba zai yarda a taɓa katangar kakansa ba. Za a kawo aiki, mu tsaya shari'a, shekara ta wuce, su kuma suna can suna tura mota a taɓo. Gara a fara da su."

Abbas ya ce, "Ai cin fuska ne wannan."

"Gaskiya ce," in ji Baba. "Na duba ɗakin taron, duk wanda ya fito daga cikin gari kansa a ƙasa. Sai na ji ba zan iya zama ba. Na tashi na ce, ni baduku ne daga Layin Majema, zaurena shi ya fi kowane gini shiga hanyar ruwa. Ubana ya gina shi. In an zo, a fara da shi."

 

"Baba..." in ji Murjanatu.

"Mutumin Bauren nan ya tako har inda nake, ya kama hannuna. Ya ce, in dai baduku zai ba da zauren ubansa, mu ma za mu jira. A kan wannan aka sa hannu."

Ni kaina da nake rubuta muku, sai da na ajiye waya a nan na ɗan nisa.

"Kai ne dattijon," ta ce, hawaye na sauko mata. "Duk watannin nan ina jin labarinka a ofis, ina cewa Allah ya saka wa wannan bawan Allah. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da farko na ɓoye don ba abin tutiya ba ne. Da aka ce ke aka ba aikin, sai na ƙara kama bakina. Mutane za su ce da zaure na saya miki kujera. Ke kuwa da karatunki kika samu, ban so a ɓata miki."

"Ni fa, Baba?" in ji Abbas. "Ni da nake gidan?"

"Kai da na gaya maka, da ka tara mini 'yan'uwa har na Mashi a zo a ba ni baki."

Abbas ya sunkuyar da kai. Murmushi ya so ƙwace masa, hawaye ya riga shi.

"Amma ka daina cin abinci," ya ce.

"Na daina. Kada ku ɗauka ba ya mini ciwo. Akwai gurbin da babana yake jingina bayansa, har yau yana nan a bangon. In na kalle shi sai tuwo ya ƙi wucewa. Ciwo daban, alkawari daban." Ya dubi Abbas. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Kai ka shafe?"

"Wallahi Baba ba ni ba ne."

"Na ji."

Murjanatu ta dubi yayanta. Har cikin ranta ba ta gamsu ba.

Baba ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Kwashe mini kayan aiki ka shigo da su rumfa. Fatun a sa a inuwa. Sannan ka ɗauko mini diga a bayan ɗaki."

"Baba, katafila za ta zo ta yi," in ji Murjanatu. "Ba sai ka wahalar da kanka ba."

"Katafila ba ta yi wa mutumin Baure alkawari ba."

Da suka fito, taron ya ninka. Har daga layin baya an zo. Ganin Alhaji Sha'aban da diga a hannu ya sa aka dare masa hanya.

Ya tsaya a gaban farin bangon. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Jama'a, ina kwananku. Na ga abin da kuka gani. Ban san wanda ya yi ba, ban kuma sa a yi ba. Layin aiki yana nan inda masu awo suka sa shi. Bangon Nana ba mai taɓa shi. Hafizu, ɗaga wayar da kyau, ka ɗauki wannan ma."

Ya yi bisimilla. Ya ɗaga digar da ƙyar, ya sauke.

Ɗan ɓarɓashi ne kawai ya zubo. Hannun tsufa.

Ya sake ɗagawa. Wannan karon wani gutsure ya ɓalle, jar ƙasar da ke ƙarƙashin farar ta bayyana. Ya tsaya yana haki, yana kallon ramin da ya yi. Leɓensa yana motsi, ba a jin abin da yake faɗa.

Abbas ya matso ya kama ƙotar.

"Kawo, Baba. Ka buɗe, saura namu."

Baba ya sakar masa.

Abbas ya tuɓe riga ya miƙa wa ƙanwarsa ba tare da ya kalle ta ba. Sara na farko da ya kai, sai da ƙasa ta amsa.

Magidancin da ya ce ko bulo ba zai taɓa ba ya juya ya shige gida. Aka ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi ya fito da guduma, ya nufi katangarsa mai jan fenti, ya tsaya, ya ce, "Alhaji, ka ba mu kunya." Ya fara dukanta.

Daga nan abin ya zama kamar gayya. Wannan ya fito da shebur, wancan da baro. Mata suka leƙo ta kan katanga, wasu suka fara miƙo ruwan sha. Hafizu ya miƙa wa mai koko wayarsa ya ce ta ci gaba da ɗauka, ya naɗe hannun riga ya shiga kwasar ƙasa.

Murjanatu tana tsaye kusa da Baba, rungume da rigar yayanta.

"Kin yi aikinki daidai," ya ce mata ƙasa-ƙasa, idonsa a kan zauren. "Da kin karkata layin nan don ni, da shi ne zai kwantar da ni."

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya a bakin layi. Malam Jibril ya fito, sakataren kwamitin haɗin gwiwa, mutum mai sanyin magana wanda ba a cika ganinsa a wurin aiki ba sai da dalili. Ya tako cikin ƙura, ya tsaya yana kallon mutane suna rushe katangunsu da hannunsu. Ya cire hula ya mayar.

Ya durƙusa ya gaida Baba, gaisuwar wanda ya san shi.

"Alhaji, ka cika magana."

"Allah ne ya cika."

Sannan ya juya wajen Murjanatu. Fuskarsa ta canja.

"Injiniya, bidiyon farko ya riga mu. Ya kai Zango, ya kai Baure, ya kai wurin mutanen banki. Tun ɗazu wayata ba ta huta ba. An kira zaman gaggawa bayan azahar."

"Amma ga shi kana gani, Malam. Layin bai motsa ba."

"Na gani, zan kuma faɗa. Sai dai sun ce ba za su ci gaba ba sai sun san wanda ya taɓa alamar. In daga gidanku ne, ko daga cikin ma'aikata, sharaɗi ya karye." Ya dubi ƙofar gidan. "An kuma gaya musu wani daga gidan nan ya je wurin ɗan kwangila."

Saran diga ya tsaya. Guduma ta tsaya.

Idanu suka koma kan Abbas, yana tsaye cikin ƙura, gumi na bin bayansa.

"Injiniya," in ji Malam Jibril, "a gaban jama'a nake tambayarki, don kada a ce mun rufa. Wa ya goge fentin?"

Ta dubi yayanta. Shi ma ita yake kallo. Bai roƙe ta da ido ba, bai kuma kawar da kai ba.

 Ta buɗe baki.

"Ni ce."

Ba daga bakinta maganar ta fito ba.

Kowa ya waiwaya. Iya Nana ce tsaye a ƙofar gidanta, ta yafa tsohon gyalenta, ta sa takalmi kamar mai shirin unguwa.

"Ni na goge na Alhaji," ta ce. "Ni na shafa a nawa. Ragowar fentin ƙyaurena ne. Yaron nan Abbas bai san komai ba, ku daina kallonsa."

"Nana," in ji Baba, muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Me ya kai ki?"

Ta tako a hankali har tsakiyar hanya.

"Shekarar da ruwa ya rushe mana ɗakuna, maigidana yana kwance ba ya ko tashi, wa ya kwashe fatunsa ya shimfiɗa mana tabarma a zauren nan? A nan muka ƙare damina. A nan maigidan nawa ya cika, kansa a cinyarka, Alhaji. Sai in zauna ina kallo a rushe shi, ni kuma ina kwance a ɗaki? Ni kaɗai ce a gidan. Ko rumfa ta ishe ni."



 Murjanatu ta juya wajen Abbas, "Yaya, ka yafe..."

Ya girgiza mata kai, alamar ba yanzu ba.

Malam Jibril ya matsa kusa da tsohuwar. "Iya, kin san abin da kika faɗa zai kai ki gaban kwamiti? Taɓa alamar aiki laifi ne, ba a nan zai tsaya ba."

"Na sani. Ai shi ya sa na sa takalmi."

Ta wuce shi, ta wuce Baba, ta bi ta tsakiyar masu shebur da baro har bakin layi. Direba ya yi saurin buɗe mata ƙofa. Ta tattare gyalenta ta shiga ta zauna.

Malam Jibril ya dawo kusa da Murjanatu, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kin san ƙa'idar yarjejeniyar. Injiniyar wurin ce take gabatar da ƙarar wanda ya taɓa alama. Ke za ki tsaya gabansu ki kira sunanta, ki nemi a hukunta. In kika ƙi, za su ce kin rufa, aikin ya tafi."

Murjanatu ta dubi zauren da ya rage rabi. Ta dubi Baba. 

Daga cikin mota Iya Nana ta leƙo ta taga.

"Murja, shigo mana, 'yar nan. Rana tana yi."